Dudu Tassa da rikicin ƙauracewa: me ya sa aka soke wasan ɗan Isra'ilar da ke rera waƙoƙin Larabci?

A watan Mayun 2025 aka sanar da soke wasanni biyu da aka shirya yi a Birtaniya a ƙarshen watan Yuni, ɗaya a zauren Bristol Beacon, ɗaya a cocin Hackney da ke Landan. Masu wasan su ne Jonny Greenwood, makaɗin jita na Radiohead, ƙungiyar kiɗan rok ta Birtaniya, da Dudu Tassa, mawaƙi kuma makaɗin jita ɗan Isra'ila. Su biyun suka ce an yi wa zaurukan da ma'aikatansu barazana, har masu shirya wasan suka ga ba za su iya lamunce tsaron jama'a ba. Masu fafutukar ƙaurace wa Isra'ila kuwa suka yi maraba da sokewar, suka ce matsin lamba ne na lumana ya yi aikinsa.

Labarin ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Waƙoƙin da za a rera na soyayya ne, da Larabci, daga Iraƙi da Aljeriya da Yaman da Labanan. Yawancin waɗanda suka rera su a faifai Larabawa ne. To me zai sa magoya bayan Falasɗinawa su hana a rera waƙar Larabci? Shi kuma Bayahuden Tel Aviv mai kiɗan rok, me ya haɗa shi da waƙoƙin Bagadaza na shekarun 1930? Sai an amsa tambaya ta biyu kafin ta farko ta fito fili.

## Wane ne Dudu Tassa

An haifi David Tassa, wanda ake yi wa laƙabi da Dudu, a Tel Aviv a 1977, ya kuma taso a unguwar Hatikva, unguwar talakawa a kudancin birnin wadda yawancin mazaunanta Yahudawa ne da suka yi hijira daga ƙasashen Larabawa. Mahaifinsa asalin Yaman ne, mahaifiyarsa asalin Iraƙi. Yana da shekara 13 ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko. Da ya girma sai ya rungumi jita mai lantarki da kiɗan rok, ya yi shekaru yana kaɗa wa wasu mawaƙa, har da ƙungiyar makaɗan wani shirin barkwanci na talabijin. Daga 2000 ya ci gaba da fitar da kundayensa da Ibrananci, waƙoƙin da shi yake rubutawa ya kuma tsara kiɗansu. Da wannan ya yi suna a gida, kuma har yau yawancin masu zuwa wasanninsa a Isra'ila don waɗannan waƙoƙi na Ibrananci suke zuwa.

Abin da ya fitar da shi duniya kuwa gado ne ta wajen uwa. Kakansa shi ne Dawud al-Kuwaiti, wanda ya rasu a 1976, 'yan watanni kafin a haifi jikan da aka mayar wa sunansa.

## 'Yan'uwa biyu da aka goge sunansu

An haifi Salih al-Kuwaiti a 1908, ƙanensa Dawud a 1910, duka a Kuwait, a gidan wani Bayahude ɗan kasuwa mai asali da Iraƙi. Salih ya ƙware a goge irin na Turawa da kuma tsara waƙa, Dawud kuma a ud, garayar nan ta Larabawa mai ƙaton ciki da gajeren wuya. Tun suna samari suka koma Basra, daga nan suka wuce Bagadaza wajen 1930.

Bagadazar wancan lokaci ba irin ta yau ba ce. A farkon ƙarni na 20 Yahudawa sun kai kusan sulusin mutanen birnin, suna magana da Larabci a gida da kasuwa, kuma sana'ar kaɗa kayan kiɗa kusan a hannunsu take. Da aka yi babban taron kiɗan Larabawa a Alƙahira a 1932, tawagar Iraƙi ta je da mawaƙi Musulmi, Muhammad al-Ƙubbanci, amma kusan duk makaɗan da ke bayansa Yahudawa ne. A cikin wannan yanayi Salih ya zama babban mai tsara waƙoƙin zamani na Iraƙi. Ya tsara wa Salima Murad, fitacciyar mawaƙiyar ƙasar, waƙoƙi da dama, har Ummu Kulsum ta Masar, da ta ziyarci Bagadaza a farkon shekarun 1930, ta koyi ɗaya daga ciki ta rera. A 1936 da aka buɗe gidan rediyon Iraƙi, 'yan'uwan biyu aka ɗora wa kafa ƙungiyar makaɗansa, kuma Sarki Gazi na cikin masu sha'awar kiɗansu.

Cikin shekara goma sha biyar komai ya rushe. A watan Yunin 1941 aka yi tarzomar da ake kira Farhud a Bagadaza, aka kashe Yahudawa kimanin 180, aka wawashe gidaje da shaguna. A 1948 aka kafa Isra'ila, aka yi yaƙi, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu, abin da suke kira Nakba. Gwamnatin Iraƙi ta tsananta wa Yahudawanta, aka kori da yawa daga aikin gwamnati, aka rataye attajiri Shafiƙ Adas a Basra a watan Satumban wannan shekara. A 1950 aka yi dokar da ta ba Bayahude damar fita idan ya ajiye shaidarsa ta zama ɗan ƙasa, a 1951 kuma aka riƙe dukiyoyin waɗanda suka yi rajistar fita. Su ma 'yan fafutukar Sahyoniya suna ta aiki a ɓoye suna kwaɗaita wa mutane tafiya, ga kuma wasu bama-bamai da suka tashi a wuraren Yahudawa a Bagadaza, waɗanda har yau masana tarihi ke jayayya kan wanda ya dasa su. Tsakanin 1950 da 1951 Yahudawa fiye da 120,000 suka bar Iraƙi. Salih da Dawud suna cikinsu.

A Isra'ila aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Mutanen da suka saba kiɗa a fada da gidan rediyon ƙasa suka koma Hatikva, suka buɗe ɗan shagon sayar da kayan girki, suna kiɗa a bukukuwan aure da kuma sashen Larabci na rediyon Isra'ila. Masu riƙe da ragamar al'adu a sabuwar ƙasar Yahudawan Turai ne, kuma a kunnensu Larabci harshen abokan gaba ne, kiɗansa kuma na baya ne. Takaicin ya kai ga Dawud ya hana 'ya'yansa shiga harkar waƙa, har da mahaifiyar Tassa wadda ta so zama mawaƙiya.

A Iraƙi kuma ba a daina sa waƙoƙinsu ba, don sun riga sun shiga jinin jama'a. Sunansu aka cire. A zamanin jam'iyyar Ba'as da Saddam Husaini aka riƙa gabatar da waƙoƙin Salih a matsayin waƙoƙin gargajiya marasa mai su, ko a jingina su ga wani. Mutum ya tashi ya ji ana rera waƙa a bikin gidansu, ya haddace ta, bai taɓa jin sunan wanda ya tsara ta ba. Sai bayan faɗuwar Saddam a 2003 marubuta da masanan kiɗa na Iraƙi suka fara maido da sunayen a fili. A 2009 birnin Tel Aviv ya sa wa wani titi sunan 'yan'uwan.

## Kalmar Mizrahi

Ba a fahimtar matsayin Tassa a cikin ƙasarsa sai an san wannan kalma. Mizrahi a Ibrananci na nufin mutumin gabas, kuma da ita ake kiran Yahudawan da asalinsu ƙasashen Larabawa ne da Iran da makamantansu, don a bambanta su da Ashkenazi, wato na Turai. Su Mizrahi kaso ne mai girma na Yahudawan Isra'ila, amma da yawansu a sansanonin wucin gadi aka fara sauke su, daga baya aka tura su unguwannin talakawa da garuruwan gefe.

Kiɗansu ma haka aka yi masa. A shekarun 1970 da 1980 gidajen rediyon gwamnati ba su cika sa shi ba, sai ya bi ta kaset, ana sayarwa a rumfunan tsohuwar tashar mota ta Tel Aviv, har ake yi masa ba'a da sunan kiɗan kaset. Mawaƙa irin su Zohar Argov ta wannan hanya suka yi tashe. Kiɗan rok kuwa ana ɗaukarsa na 'yan boko da masu kallon Turai da Amurka. Saboda haka yaron Hatikva da ya ɗauki jita mai lantarki ya riga ya tsallaka katanga ɗaya, komawarsa ga Larabci kuma tsallake ne na biyu, wannan karon zuwa baya.

Akwai wani abu da ke rikita masu kallo daga nesa. Yahudawan Mizrahi, duk da kusancinsu da al'adun Larabawa, da yawansu jam'iyyun masu ra'ayin riƙau suke zaɓa, musamman Likud tun daga 1977. Son waƙar Ummu Kulsum a gida bai zama ma'aunin ra'ayin mutum kan Falasɗinu ba. Wannan batu zai sake dawowa a hujjojin masu ƙauracewa.

## Yadda jikan ya koma ga waƙoƙin

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 2003 Tassa ya saka tsohuwar waƙar Iraƙi guda ɗaya a cikin kundinsa na rok. Sai a 2011 ya shiga aikin gadan-gadan, shi da abokin aikinsa Nir Maimon, suka tattaro tsofaffin faya-fayen 'yan'uwan daga dangi, suka fitar da kundi mai suna Dudu Tassa and the Kuwaitis. Wasu biyu suka biyo baya a 2015 da 2019.

Aikin yana da wuyar da ba kowa ke lura da ita ba. Kiɗan Turawa ya raba tsanin sauti zuwa matakai 12, kuma a kan waɗannan matakai aka gitta ƙarafan da ke wuyan jita, yatsa ba ya iya tsayawa a tsakani. Kiɗan Larabawa kuwa yana tafiya ne a kan tsarin maƙam, wanda ke amfani da sautukan da suka faɗa tsakanin matakan, shi ya sa wuyan ud sumul yake ba ƙarfe ko ɗaya. Idan makaɗin jita ya danna sautuka uku a haɗe kamar yadda aka saba a rok, sau da yawa sai su yi karo da muryar mawaƙin. Dabarar da Tassa ya bi ita ce ya bar zaren waƙar yadda kakanninsa suka tsara, ya bar goge da ƙanun, wani abin kiɗan Larabawa mai tsirkiyoyi da yawa, su riƙe maƙam ɗin, jita da ganga da bes kuma su ba da nauyi daga ƙasa. A wasu wurare ya saka ainihin muryoyin Salih da Dawud daga tsofaffin faya-fayen, da ƙarar tsufansu, sai a ji jika yana amsa wa kakan da bai taɓa gani ba. Shi kansa bai tashi da Larabci a bakinsa ba, koyon lafazin ya yi baiti bayan baiti.

## Haɗuwa da Greenwood

Jonny Greenwood yana da tsohuwar alaƙa da Isra'ila. Matarsa, Sharona Katan, mai zane ce 'yar ƙasar, danginta kuma asalin Iraƙi da Masar ne. Ya kaɗa jita a wata waƙar Tassa a 2009. A 2017 Radiohead ta ɗauki Tassa da ƙungiyarsa su riƙa buɗe mata fage a rangadinta na Amurka, suka kuma yi wasa a babban bikin kiɗa na Coachella a Amurka. A watan Yulin wannan shekara Radiohead ta yi wasa a Tel Aviv duk da wasiƙar da mutane irin su Desmond Tutu da mawaƙi Roger Waters da mai shirya fim Ken Loach suka sa wa hannu suna roƙonta ta fasa. Amsar jagoran ƙungiyar, Thom Yorke, ita ce yin wasa a ƙasa ba goyon bayan gwamnatinta ba ne.

A watan Yunin 2023 Tassa da Greenwood suka fitar da Jarak Qaribak. Duk wanda ya ɗan zauna gaban malami zai gane sunan: jar maƙwabci, ƙarib kuma makusanci ko ɗan'uwa, wato maƙwabcinka ɗan'uwanka ne. Waƙoƙi tara ne, kuma an tsara kowane mawaƙi ya rera waƙar wata ƙasa da ba tasa ba. Ahmed Doma na Masar ya rera ta Aljeriya, Nour Freteikh Bafalasɗiniya ta rera ta Labanan, wani mawaƙi ɗan Iraƙi ya rera ta Yaman, Tassa kansa ya ɗauki ta Maroko. Wata huɗu bayan fitowarsa, ranar 7 ga Oktoba, Hamas ta kai harin da ya kashe mutum kimanin 1,200 a Isra'ila, aka yi garkuwa da kimanin 250. Isra'ila ta ƙaddamar da yaƙi a Gaza, inda adadin waɗanda aka kashe ya haura 50,000 zuwa watan Maris na 2025, bisa alƙaluman ma'aikatar lafiya ta yankin.

## BDS da PACBI: me suke nema, me ba sa nema

BDS taƙaitaccen sunan wani gangami ne da ƙungiyoyin fararen hula na Falasɗinu fiye da 170 suka ƙaddamar a watan Yulin 2005. Yana kira da a ƙaurace wa Isra'ila, a janye jari, a sa mata takunkumi, har sai ta cika abu uku: ta kawo ƙarshen mamayar yankunan da ta kama a 1967 ta kuma rushe katangar da ta gina, ta ba Larabawan da ke da shaidar zama 'yan ƙasarta cikakken daidaito, sannan ta amince da haƙƙin 'yan gudun hijira na komawa gida. PACBI, wadda aka kafa a Ramallah a 2004, ita ce reshen da ke kula da jami'o'i da harkar al'adu.

A rubuce, ƙa'idojin PACBI sun ce ba a ƙaurace wa mutum don shi Bayahude ne ko ɗan Isra'ila. Hukumomi ake nufa, da duk wani aikin fasaha da gwamnati ta ɗauki nauyinsa don tallata kanta, da kuma abin da Larabawa ke kira taɗbi'i, wato haɗa Isra'ilawa da Larabawa a aiki guda ta yadda za a nuna kamar zaman lafiya ake yi, ba tare da aikin ya fito ya yi adawa da mamaya ba. An kuma bar ƙofa a buɗe ga a ƙaurace wa mutum ɗaya idan ana ganin shi da kansa ya sa hannu a abin da ake ƙorafi a kai.

Zargin da suka fi yi wa Tassa da Greenwood shi ne wanke laifi da waƙa, wato amfani da fasaha a gyara sunan ƙasa a idon duniya. Zargin yana da tushe a manufofin gwamnatin Isra'ila kanta. A 2009, bayan yaƙin Gaza na wancan lokaci, wani babban jami'in ma'aikatar harkokin wajenta mai kula da al'adu, Arye Mekel, ya shaida wa jaridar New York Times cewa za su riƙa tura marubuta da 'yan wasan kwaikwayo ƙasashen waje don a ga kyakkyawar fuskar Isra'ila, a daina tuna ta da yaƙi kawai. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko kowane mawaƙin da ya fita waje ya zama jakadan wannan manufa, ko da ba ita ta tura shi ba.

## Daren 26 ga Mayu, 2024

A wannan dare Tassa da Greenwood suka yi wasa a gidan rawa na Barby a Tel Aviv. Kwana ɗaya kafin nan an ga Greenwood a zanga-zangar neman a sako waɗanda aka yi garkuwa da su a kuma yi sabon zaɓe. A daren wasan ne kuma harin Isra'ila ya tayar da gobara a tantunan 'yan gudun hijira a Rafah, mutane da dama suka ƙone. Haɗuwar abubuwan biyu a dare guda ita ta mayar da tsohuwar jayayya sabuwa. PACBI ta zargi mawaƙan da wanke kisan ƙare dangi, ta kuma zargi Tassa da yi wa sojojin Isra'ila wasa a lokacin yaƙin. Isra'ila na musanta cewa kisan ƙare dangi take yi, kuma ƙarar da Afirka ta Kudu ta shigar a kan haka a watan Disamban 2023 tana gaban Kotun Duniya.

## Hujjojin ɓangarorin

Masu ƙauracewa suna cewa ba su da matsala da waƙoƙin, wuri da lokaci ne abin dubawa. A ganinsu, wasa a Tel Aviv ana ruwan bama-bamai a Gaza, tafiyar da ba ta kai ta sa'a biyu a mota ba, saƙo ne cewa rayuwa na tafiya daidai. Sun ƙara da cewa kundin da ya jera Bafalasɗiniya da ɗan Isra'ila a matsayin maƙwabta biyu masu ƙaunar juna ya ɓoye cewa ɗaya na ƙarƙashin ikon ƙasar ɗayan. Tarihin 'yan'uwan Kuwaiti, a cewarsu, abin tausayi ne, amma ba Falasɗinawa suka kore su daga Bagadaza ba, kuma bai kamata a mayar da shi garkuwa ba. Sannan kiran ƙauracewar daga waɗanda abin ya shafa ya fito, kamar yadda ma'aikata masu yajin aiki ke roƙon kada a tsallaka layinsu.

Greenwood da Tassa kuma suna cewa su ba gwamnati ba ne. A jawabinsa na 2024 Greenwood ya yarda cewa babu wata fasaha da ta kai dakatar da mutuwa muhimmanci, amma ya ce naɗe hannu ya fi muni, kuma rufe bakin mawaƙi don an haife shi Bayahude a Isra'ila ba zai kawo fahimtar juna ba. A sanarwarsu ta 2025 suka ce suna shan suka ta gaba da ta baya: masu ra'ayin riƙau na ganin kiɗan ya cika kusantar Larabawa, wasu masu ra'ayin sauyi kuma na ganin wankin laifi ne. Suka kuma kawo misalin Kneecap, ƙungiyar mawaƙan Ireland ta Arewa masu goyon bayan Falasɗinu, wadda a daidai wannan lokaci ake soke wa wasanni, mawaƙa da dama kuma suka fito suna kare 'yancinta na faɗin albarkacin baki. Tambayarsu ita ce me ya sa wannan 'yanci bai haɗa da su ba. Masu ƙauracewa suka amsa cewa akwai bambanci tsakanin gwamnati ko 'yan sanda su taka wa mawaƙi birki da jama'a su roƙi mai zaure ya janye gayyata.

Akwai kuma ɓangare na uku da ya fi su duka zafi, wato masu ganin BDS gaba ɗayanta ƙiyayyar Yahudawa ce. Majalisar dokokin Jamus ta zartar da ƙuduri mai wannan ma'ana a 2019, jihohin Amurka fiye da 30 sun ɗauki matakan hana hulɗa da masu ƙauracewa, Isra'ila kuma ta yi doka a 2017 ta hana su shiga ƙasar. BDS na musanta zargin, tana nuni da Yahudawan da ke cikinta.

Idan aka tace maganganun, za a ga kowane ɓangare wata tambaya daban yake amsawa. Mawaƙan suna magana kan abin da ke cikin waƙar da niyyar mai ita. Masu ƙauracewa suna magana kan amfanin da wasan ke yi wa ƙasa, ko da mai shi bai nufa ba. Raunin hujjar mawaƙan shi ne batun yi wa sojoji wasa, wanda idan ya tabbata yana raunana cewa aikin ba ruwansa da yaƙi. Raunin ta masu ƙauracewa kuma shi ne layin da ke tsakanin mutum da hukuma yana da sauƙin ja a takarda, amma a ƙofar zaure mutum ne ake hana wa hawa dandamali. Batun barazanar ma bai warware ba: mawaƙan sun ce an yi, PACBI ta ce gangaminta na lumana ne.

## Abin da ya faru a Afirka ta Kudu

Duka ɓangarorin suna kafa hujja da zamanin wariyar launin fata, kuma nan Nijeriya ta taka rawa. A 1980 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira da a ƙaurace wa Afirka ta Kudu a fannin al'adu, daga 1983 kuma aka fara wallafa sunayen mawaƙan da suka je can wasa. Kwamitin Majalisar da ya yi wannan aiki ya daɗe a hannun jakadun Nijeriya, ciki har da Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, da Janar Joseph Garba.

A lokacin ma an sami lamari mai kama da na Tassa. Mawaƙi Paul Simon na Amurka ya je Johannesburg a 1985 ya ɗauki waƙoƙi da baƙaƙen makaɗa, ya fitar da kundin Graceland a 1986. Aka yi masa zanga-zanga a Landan cewa ya karya ƙauracewa, amma Hugh Masekela da Miriam Makeba, mawaƙan Afirka ta Kudu waɗanda wariyar ta kora daga gida, suka bi shi rangadi suka kare shi. Masu goyon bayan BDS na ɗaukar darasin cewa ƙauracewa ta taimaka wajen kayar da wariya. Masu adawa kuma na ɗaukar cewa ko a can ma ta taɓa faɗawa kan waɗanda aka yi ta dominsu. Akwai dai bambanci: Simon bai yi wasa ga jama'a a cikin Afirka ta Kudu a lokacin ba.

## Su wa abin ya fi shafa

Greenwood ba zai rasa abin yi ba, Tassa kuma yana cika zaure a gida. Waɗanda ke tsakanin gaba kura baya sayaki su ne mawaƙan Larabawa da suka sa murya. Labanan tana da dokar hana hulɗa da Isra'ila tun 1955. Majalisar Iraƙi ta yi doka a 2022 wadda hukuncin taɗbi'i a cikinta zai iya kai wa ga kisa. Noamane Chaari na Tunisiya, wanda ke cikin kundin, ya sha barazana a gida tun 2020 saboda wata waƙa da ya yi da mawaƙin Isra'ila. Wanda ya fito daga Maroko ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasashen da suka ƙulla hulɗa da Isra'ila a 2020, doka ba za ta taɓa shi ba, amma bakin jama'a zai taɓa shi. Sakamakon da ake iya hasashe shi ne irin wannan haɗin gwiwa zai ragu, ko a riƙa yinsa da ɓoyayyen suna.

Sai Falasɗinawan da ke da shaidar zama 'yan Isra'ila, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar. Mawaƙi daga cikinsu, duk matakin da ya ɗauka akwai mai tuhumarsa. Haka ma matasan Mizrahi da suka fara komawa ga harsunan kakanninsu, irin su 'yan'uwa mata uku na ƙungiyar A-WA masu rera Larabcin Yaman, da Neta Elkayam mai rera na Maroko. Kasuwarsu ta waje ita ce bukukuwan kiɗa na Turai, kuma mai shirya biki da ya ga abin da ya faru a Bristol zai yi dogon tunani kafin ya aika gayyata.

Ga mutumin Gaza, soke wasa biyu bai kai masa buhun gari ko ɗaya ba, kuma masu ƙauracewa ba su ce zai kai ba. Lissafinsu na dogon zango ne, su sa zama ɗan Isra'ila a fagen duniya ya riƙa zuwa da tsada har jama'a su matsa wa gwamnatinsu. A watan Satumban 2025 ɗaruruwan mawaƙa, ciki har da ƙungiyar Massive Attack ta Birtaniya, suka nemi a toshe waƙoƙinsu daga manhajojin saurare a cikin Isra'ila, alamar cewa gangamin ya tashi daga zauruka ya shiga wayoyin mutane.

Ko a cikin Radiohead kanta kai ya rabu. A wata hira da aka yi da su a watan Oktoban 2025, Thom Yorke, wanda ya yi tsayin daka a 2017, ya ce yanzu ba zai yi wasa a Isra'ila ba muddin gwamnatin Netanyahu na kan mulki. Greenwood, wanda suke kiɗa tare tun suna 'yan makaranta a Abingdon a shekarun 1980, ya ce shi bai yarda da abokin nasa ba, kuma ba ya jin kunyar aiki da makaɗa Larabawa da Yahudawa.